Marmaron Sanda

Yayana Sanda ya yi shekaru yana hawa da sauka a duwatsun arewacin Scotland, yana bin tsofaffi gida gida domin su gaya masa sunan kowane tudu da kowane kwari, shi da ko gaisuwa bai iya da yarensu ba. Yaren Gaelic ake ce masa, kuma masu jinsa kullum raguwa suke yi. Ofishin da yake wa aiki yana Salford, gefen Manchester, a bakin ruwan nan da gidajen talabijin suka cika. Daga nan suke tafiya su uku ko huɗu. Mai jin yaren ya yi tambaya, shi kuma Yaya ya riƙe rikoda, ya ɗora kowane suna a kan taswira. In sun dawo sai ya zauna ya tace muryar, ya cire ƙarar iska da tari da kukan tumaki.

Na sha yi masa tsiya a kan wannan aiki. Nakan ce an turo shi karatu don ya koma ya gyara mana ƙasa, ya ɓige da rubuta inda maruƙan wani Bature suka kwana. Sai ya yi dariya ya jero mini su kamar mai tilawa: Lag nan Laogh, wato kwarin maruƙa, Creag an Fhithich, dutsen hankaka. Wata rana ya gaya mini cewa mutanen kwarurrukan nan korarsu aka yi tun zamanin kakanninsu don a zuba tumaki, gidajen sun rushe, sunayen ne kawai suka saura a bakin 'yan tsofaffi. Daga ranar na daina tsokanarsa, domin maganar ta zo kusa da gida.

Mu 'yan Hayin Gwanki ne, cikin duwatsun da ke tsakanin Katsina da Zamfara. Tun shekarar da 'yan bindiga suka ƙone garin ba wanda ya sake kwana a cikinsa. Baba bai ga wannan ba, Allah ya ɗauke shi kafin nan, aka binne shi yamma da gari kusa da gonarsa. Inna ta fito da ƙafarta, ta ƙare a ɗakin haya a Funtua, tsofaffin da suka gudo tare kuwa sai labarin rasuwarsu muke ji ɗaya bayan ɗaya. Ni da Yaya duk makaranta ta fitar da mu tun muna yara. In aka ajiye ni a garin yau, ko hanyar gonar ubana ba zan gane ba.

Da na haihu, Inna ta zo Birmingham don ta yi mini wankan jego. Muna zaune a unguwar Aston ni da mijina Muhsin, wanda yake karatun digirinsa na uku. Ba abin da ya burge ta a ƙasar nan. Ta raina bahon wanka, ta raina ruwan zafin famfo ta ce bai kai ba, ta ce ranar garin nan ma ba ta da lafiya. Jaririyar kaɗai, Shifa, ita ce ta sami shiga.

To amma sai na faɗi yadda Inna take da Yaya, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan kakanmu ya ci, mahaifin Baba. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kansa, ta ɗan fari da ta suruki. Ana yaye shi kaka ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta duban fuskarsa. In ya buga waya sai ta miƙa wa wanda yake kusa ta ce ga yayanku yana gaisuwa. A garinmu wannan ba abin mamaki ba ne, yabonta ma ake yi, ana cewa irin su sun ƙare. Kuma ni shaida ce tana son sa. Ta bakina take tambaya ko ya ci abinci, ko ya rame, ko har yanzu ba maganar aure. Rabin jakar da ta zo da ita daddawa ce da kuka da yaji, ta tura mini da ƙafa ta ce in ba mutumin Manchester.

Mutumin Manchester yakan hau jirgin ƙasa ya zo mana ƙarshen mako. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo ya gaishe ta, ta amsa tana kallon labule, shi ke nan hirarsu ta ƙare. Ni na saba, ban ga komai a ciki ba. Shi ma na ɗauka ya saba.

Wani zuwan ya same ni a kicin ya ce in saurari wani abu. Muryar wata tsohuwa ce, Peigi, wadda suka ɗauka a makon. Tana bayanin wani dutse a bakin tafki inda babban ɗanta yake zama yana kamun kifi tun yana yaro, har mutane suka riƙa kiran wurin da sunansa, Creag Iain. Ta faɗi sunan sau biyu kamar yadda aka roƙe ta, sannan ta ƙara faɗa don kanta tana dariya. Yaya ya mayar baya ya sake kunnawa.

"Kin ji yadda take faɗa? Kamar ba komai ba. First born ɗinta ne fa."

Na ce masa su haka suke, mu ba haka muke ba, ya matsa gefe in juya miya.

A nan ne ya kawo maganar ɗaukar muryar Inna. Ya ce abin kunya ne a ce ya cika taswirar wasu da sunaye alhali ta garinsu fara ce fat, ga wadda ta san kowane lungu tana zaune a falo, bizarta kuma ta kusa ƙarewa. Wannan gaskiya ne, na kuma ji daɗi har raina. Ya bayyana mini ƙa'idar aikin. Ba a tambayar tsoho ya jero sunaye haka kawai, mantawa zai yi. Sai a tsayar da shi a ƙofar gidansa cikin zuciyarsa, a ce ya kama hanya kamar mai tafiya, duk abin da ya wuce ya faɗa, ba tsallake. Kowane suna sau biyu a hankali, sannan ma'anarsa, sannan wanda ya raɗa. Na ce na yarda bisa sharaɗi ɗaya: ni zan yi tambayar, shi ya zauna inda ba za ta gan shi ba. Ya amince nan take, ko musu bai yi ba.

Inna ta fara da ƙi. Ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce, kuma me za a yi da sunan garin da ya zama kufai. Na ce saboda Shifa ne, don in ta girma ta san daga inda ta fito. Ta dubi yarinyar, sannan ta bari na maƙala mata 'yar na'urar magana a bakin mayafi. Ranar Asabar ce da hantsi, ana yayyafi. Muhsin ya tafi laburare. Yaya ya ja kujera bakin ƙofar kicin, bayanta, ya sa abin saurare a kunne.

Muka fita ta gabashin garinmu, a zuci. Da farko a taƙaice take amsawa, amma kafin mu wuce Ƙofar Maƙera bakinta ya buɗe. Ga Tsamiyar Rantsuwa, inda ake kai masu rikicin iyakar gona, ta ce ta san mutum biyu da suka yi ƙarya a ƙarƙashinta ba su ga kaka ba. Ga Karya-Jaki, gangaren da ba a hawa da kaya sai an sauke rabi. Ga Dutsen Amare, inda masu rakiyar amarya daga ƙauyukan gabas suke tsayawa su wanke ƙafa su sa takalmi, don kada a shiga gari da su buɗu-buɗu. Ita ma a nan aka tsaya da ita, ta ce takalmin aro ne kuma ya matse ta. Ga Kogon Yunwa, inda aka ɓoye dawa wata shekarar fari. Ga Mashayar Ɓauna, ko da yake ko kakarta ba ta taɓa ganin ɓauna a wurin ba. Tana faɗa tana nuni da hannu, dama da hagu, har ta kusa ture kofin shayi.

Tun da ta zo ƙasar nan ban ji ta yi dariya irin ta ranar ba. Na waiga na ga Yaya ya rufe ido, ya dafe abin kunnen da hannu biyu. Sai a lokacin na lura cewa bai taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka ba, domin da ya shigo wuri take tsuke baki. Tausayinsa ya kama ni. Muka zagaye gabas kaf har zuwa rafin da ya raba mu da maƙwabta, aka kira azahar a wayata, muka tashi.

Bayan an yi salla an ci abinci, ita a ɗaki shi a kicin, sai muka dawo don yammacin gari. Inna da kanta ta miƙo mayafin a maƙala mata. Ina cikin gyara wa Shifa kwanciya sai na ga Yaya ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gabanta, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Na harare shi. Ya ce wai sound ɗin ba ya fita da kyau daga can. Ƙarya yake yi, na sani, domin duk safiyar bai yi ƙorafi ba. Inna ta juya fuska wajen taga, ta ja mayafi ya rufe mata gefen ido. Na zaci tashi za ta yi, amma garin ya riga ya shiga ranta, ta ci gaba, tana yi kamar da jaririyar take magana.

Ya karɓe tambayar daga bakina. Ƙofar Yamma, ta faɗa sau biyu. Masussuka, ta faɗa. Kukar Mahauta, ta faɗa, muryar tana ƙara yin ƙasa. Daga kukar hanya gangarawa take yi, wannan kam ko ni na tuna, kuma a ƙasan gangaren akwai idon ruwan da kakanmu ya tono a gindin dutse wata shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Duk garin da sunansa ake kiran wurin, Marmaron Sanda. A lokacin na gane inda Yaya ya dosa tun daga ranar da ya kunna mini muryar tsohuwar nan.

Inna ta ce daga nan sai a gangara wajen ruwa, a wuce, a kama hanyar gonaki.

"Wane ruwa, Inna?"

"Marmaron."

"Marmaron wa?"

Ta ƙara jan mayafinta. Na yi sauri na ce ai kowa ya san sunan, bari in faɗa a madadinta mu wuce. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce ƙa'ida ita ce daga bakin mai bayani, cikakken suna, sau biyu. Na ce ƙa'idar Turawansa ce, ya bar ta a Salford. Bai ko ji ni ba. Ya sauka daga kujerar ya durƙusa a gabanta, abin sauraren yana kunnensa har yanzu.

"Inna, na kusa shekara arba'in ban taɓa ji ba. Ba ni za ki kira ba, ruwa za ki kira. Sau ɗaya ma ya isa."

Ba ta dube shi ba. Ta sa hannu ta cire 'yar na'urar daga mayafinta a hankali, ta ajiye a kan kafet, ta tura ta gefe da ɗan yatsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Raki, ki gaya wa yayanki. An ƙone mini ɗaki, an kwashe rumbu, kabarin ubanku ban san halin da yake ciki ba. Abin da na fito da shi daga garin nan zanen jikina ne da kunyata. Ita ce ya zo da na'ura ya karɓa. Na ɗauka garin yake nema."

Ta ɗauki Shifa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi ɗayan biyun da abin ya fi sauƙi.

Na ja shi waje bakin matakala don kada ta ji, na wanke shi tas. Na ce masa makirci ya shirya wa uwarsa, ya sa ni a ciki ban sani ba. Na ce da ya bari na yi tambayar, da ta ce marmaron kakanku mun wuce, da yanzu muna gonar Baba. Rabin gari yana nan a bayan ruwan nan, gonakinmu, makabarta, hanyar da suka bi suka tsira, duk ya toshe mana saboda abin da ya san ba za ta yi ba. Yana tsaye yana naɗe wayar rikoda a hannu, bai kare kansa ba. Da na gaji da faɗa sai ya ce:

"Ke kullum ana kiran naki sunan."

Duk da haka haushin bai sauka ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha, daddawar da na ƙulla masa ma a kan tebur ya bar ta.

Sauran makonnin da Inna ta yi da mu na gwada ta kowace hanya. Na ce ba rikoda, ni da ita kawai, in rubuta da hannu. Ta ce kanta yana ciwo. Na bari kwana biyu na sake ɗauko zancen muna tsince shinkafa, ta ce tsufa ya zo, ba sauran abin da ta tuna. Matar da ta tuna takalmin aro na ranar aurenta. Ina jin haushinta ita ma, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya ce, ba za ta kashe ta ba, ɗanta ne ya durƙusa yana roƙo. Amma na san in ta faɗa, a ganinta ta zama wata mata daban, wadda ba ta da abin da za ta nuna a gaban matan da suka gudo tare. Na rasa wanda zan fi jin haushi a cikinsu, sai na riƙa sauke wa Muhsin, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar tafiyarta Yaya ya zo filin jirgi. Ya durƙusa a gaban mutane ya ba ta haƙuri, ta ce Allah ya yi albarka tana kallon jakarta, kamar yadda take yi tun fil azal. Ba wanda zai ce wani abu ya canja. Bayan ta isa Funtua na sake taɓa maganar a waya, ta ce in bar garin ya kwanta, sannan ta tambaye ni ko Shifa ta fara zama.

Da sanyi ya ɗan ja baya na goya yarinyar na hau jirgi zuwa Manchester, domin Yaya ya daina zuwa, wayarsa ma ta yi wuya. Na same shi a ɗakinsa da tsakar rana labule a rufe, kwanuka a jibge. Ya nuna mini taswirar a kwamfuta. Gabas ta cika maƙil, kowane suna in ka taɓa sai muryar Inna ta fito. Yamma kuwa daga Kukar Mahauta ba komai, sai tuddai da kwaruruka tsirara. Na daɗe ina zuba ido ko zan gane gonar Baba, duk iri ɗaya suke daga sama.

Ya ce in zauna, akwai abin da yake so in ji. Ya sa mini abin sauraren da kansa, ya danna. Muryar Inna ce, ba shakka. Ta ce, "Sanda." Na cire abin na tambaye shi yaushe ta faɗa.

Bai dube ni ba. Ya ce ba ta faɗa ba. A wurin da take bayanin Kogon Yunwa ta ce cikinsa akwai sanyi, sai ya yanko farkon kalmar, ya nemo ƙarshen daga wani wuri a cikin maganarta, ya haɗa. Ya yi kwanaki yana gyara gaɓar don kada a ji ɗinkin. Ya mayar mini da abin a kunne ya sake kunnawa. Yanzu da na sani sai na ji shi sosai. Muryarta ce, amma ba kowa a cikinta, kamar matar da ke faɗin sunan tasha a jirgi.

Shifa ta fara mutsu-mutsu a bayana. Ya jira na cire abin, sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa ja.

"Ke kin sani. Haka take yi in ta kira naki?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce masa a'a.